Ku Tambaya Mu Amsa: Mai Ba Da Shawara, Shi Wa Ke Duba Aikinsa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon daga masu aikin ba da shawara suka fi yawa, wato malaman gaidans na makarantu da 'yan saikoloji da masu sulhu a unguwa, kuma kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, maganar mutum ya zauna bayan ya gama aiki ya yi bitar abin da ya yi da abin da ya faɗa. Na zaɓi guda 4. Kamar kullum na cire sunaye, unguwa kawai na bari.

TAMBAYA: Salam Anti, ni malamar gaidans ce a wata makarantar 'yanmata, ina zaune a Tudun Wadan Zariya, shekarata 14 a wannan aikin. To kwanan nan aka turo mana wata yarinya da ta gama masta, ita kullum in ta gama magana da ɗaliba sai ta zauna ta yi ta rubutu a wani littafi wai tana bitar kanta, me ta ce, me ta ji a ranta, har ranan ta ce min wai nima in gwada. Gaskiya abin ya sosa min rai dan na kusa haifarta, kuma ni ga ɗalibai birjik a kaina ga an haɗa min da koyarwa ga cika fom ɗin jarabawa, ina naga lokacin rubuce-rubuce? Dan Allah Anti gogewa ba ta isa ba ne?

AMSA: Wa alaikis salam Malama, sannu da ƙoƙari. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba, yarinyar nan tana da gaskiya, ko da kuwa yadda ta faɗa miki bai yi tsari ba, dan dai na san yaran yanzu in suka fito da sabon satifiket ba su cika iya lallaɓa magana ba. Amma ki ajiye wannan gefe mu duba abin kansa.

Maganar gogewa an auna ta fa. A 2016 wani mai bincike a Amurka, Simon Goldberg, da abokan aikinsa sun bi sawun masu wannan aiki su 170 da mutum sama da 6,500 da suka zo wajensu a tsawon shekaru, suna so su ga ko daɗewa a aiki na ƙara wa mutum iya taimako. Abin da suka gani shi ne in aka haɗa kowa da kowa sakamakon bai ƙaru ba, ɗan raguwa ma ya yi kaɗan, duk da akwai wasu daga ciki da suka ci gaba. Kafin nan a 2012 an tambayi wasu 129 su auna kansu da sauran abokan sana'arsu, babu ko mutum ɗaya da ya ce shi yana ƙasa da matsakaici, kashi 25 cikin ɗari ma cewa suka yi suna cikin goman farko na kowane ɗari. Kinga lissafin ba zai taɓa fita ba. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na 2005, inda aka ce wa masu aikin su nuna waɗanda suke ganin za su ƙara taɓarɓarewa cikin mutum 550, a ƙarshe mutum 40 ne suka taɓarɓare, su kuma 3 kacal suka nuna, cikin ukun ma ɗaya ne aka dace.

Waɗannan fa ba sakarkaru ba ne, ƙwararru ne masu son mutanensu. Matsalar tana cikin yanayin aikin. Ɗalibar da maganarki ba ta yi mata amfani ba ba za ta dawo ta faɗa miki ba, a nan wajenmu ma abin ya fi tsanani saboda kunya da tarbiyya, yarinya za ta sunkuyar da kai ta ce to Malama na gode ta ɗan rusuna ta fita, ke kuma ki ɗauka magana ta shiga. Wadda ta ji daɗi ita ce za ta tare ki a Kasuwar Sabon Gari bayan shekara 5 tana miki godiya da goyonta a baya. Saboda haka labarin nasara kaɗai ke dawo miki, kuma in kika shekara 14 a haka dole ki yarda duk abin da kike yi daidai ne, har da wanda ba daidai ba, kuma kullum hannunki yana ƙara sabawa da shi.

Wanda ya fi yin suna a wannan magana shi ne Donald Schön, malami ne a jami'ar MIT, a 1983 ya yi rubutu a kan yadda ƙwararru ke tunani a bakin aiki. Ya ce bita iri biyu ce. Akwai wadda ake yi ana cikin aikin, kina magana da yarinya sai ki lura ta fara murza bakin hijabinta ta daina amsawa, sai ki canza hanya nan take. Wannan na tabbata kina da ita, ita ce ribar shekarunki, kuma 'yar mastar nan ba ta kai ki ba a nan ko kusa. Ta biyun ita ce wadda ake yi bayan an tashi, a koma baya a duba da gangan. Ita ce yawancinmu ba ma yi, dan da ɗaliba ta fita wata ta shigo, ko a aiko firinsifal na kira.

Bari in kawo misali, ba na wata takamaimai ba, irin wanda kowace malamar gaidans a Zariya ta sani. A ce 'yar aji 5 ta shigo ta ce Malama ni makarantar nan zan bari aure zan yi. Kafin ta rufe baki kin fara, ilimi shi ne gatan mace, ki dubi wance ki dubi wance, kika yi minti 20 kina magana ita ta yi minti 2, ta ce to ta fita. In da za ki zauna da yamma ki tambayi kanki me ya faru, za ki rubuta cewa ni na yi kusan duk maganar. Me na ji a raina lokacin? Haushi, har zuciyata na bugawa. To daga ina haushin ya fito, tunda yarinyar ba zagina ta yi ba? Nan ne ake samun abin. Wataƙila ke da kanki sai da kika yi rigima da dangi kafin a bar ki ki yi NCE, ko kina da ƙanwa da aka cire daga makaranta auren bai yi daɗi ba, sai ya zama da ƙanwarki kike magana alhali wata yarinya daban ce a gabanki. Sannan ki tambaya, me ban sani ba har ta fita? Ban san ko ita ke so ko tilas ne ba, ban san ko kuɗin WAEC ne babu a gida take neman mafita ba, ban san ko wani malami ne ke takura mata take gudun makarantar ba, ban san ko ciki ne da ita ba. Kowane ɗaya daga cikin nan taimakonsa daban, kuma wa'azin ilimi bai taɓa ko ɗaya ba. Daga ƙarshe ki rubuta abu guda da za ki yi, gobe in kira ta, tambaya ta farko ita ce me ya faru a gida, kuma in yi shiru har sai ta gama.

Wannan abin na zuciyar mai taimako ta shiga cikin aikin tun 1910 likitan ƙwaƙwalwar nan Sigmund Freud ya yi magana a kai, ya ce abin da majinyaci ke tayarwa a ran likita dole likitan ya gane shi. Ba sai kin yarda da sauran maganganun Freud ba, nima da yawa ban yarda da su ba, amma wannan kam ya gano. Shi kuma Carl Rogers, wani masanin saikoloji a Amurka, a farkon shekarun 1940 ya fara ɗaukar muryar zaman shawara a faifai da izinin masu zuwa, su saurara shi da ɗalibansa, sai aka ga abin da mai ba da shawara ke tunawa ya faɗa da abin da ya faɗa a zahiri akwai rata sosai. Ban ce ki ɗauki muryar yaran mutane a waya ba, kar ma ki fara. Abin da nake nufi ƙwaƙwalwa tana gyara labari ta yadda zai yi mana daɗi, shi ya sa ake rubutawa da wuri kafin ta gama gyarawa.

Maganar lokaci kuma, na yarda da ke. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka ce a samar da masu ba da shawara a makarantu, amma har yau a wurare da yawa malamar gaidans ita ce ta cike gurbi, duk darasin da ba malami ita. To kar ki ce za ki yi wa kowace ɗaliba. Akwai tsarin Graham Gibbs na 1988 mai matakai 6 da ake koyarwa a jami'a, daga bayanin abin da ya faru har zuwa shirin abin da za a yi gaba, yana da kyau amma in kika ce kullum sai kin bi shi daki-daki sati biyu za ki yar da littafin. Ki ɗauki zama ɗaya a rana, ko ma biyu a sati, wanda ya tsaya miki a rai, ki ba shi minti 10 da tambaya 3, me ya faru, me hakan ke nufi, yanzu me zan yi. Kuma lokaci-lokaci ki zaɓi wanda ya tafi lafiya lau, dan sanin dalilin da abu ya yi kyau shi ma ilimi ne. Da Hausa za ki rubuta ko Turanci ko ki gauraya, ba mai ba ki maki.

Ita kuma yarinyar, ni da ke ce da na ja ta jiki. Ku ware rabin awa ranar Alhamis ku zauna, ta kawo nata ki kawo naki. Ita tana da sabon karatu, ke kin san iyayen garin nan da yadda ake shiga gidansu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni saurayi ne a Samaru, saikoloji na karanta, yanzu ina aikin sa kai da wata ƙungiya muna zama da matasa masu shaye-shaye, sirof da tiramol da sauransu. A makaranta an koya mana bitar kai kuma ina yi, amma ni wallahi ita ke neman kashe ni. Akwai wani yaro da muka yi wata 5 tare ya daina komai har ya koma wajen aikinsa, sai kawai ya koma ruwa, tun ranan in na kwanta sai in ta maimaita zamanmu na ƙarshe ina cewa da na faɗi kaza da ban faɗi kaza ba har a kira asalatu. Yanzu ko yaran suka zo ji nake kamar in kulle ƙofa. Ko dai in daina bitar ne?

AMSA: Ƙanena sannu, Allah ya saka da alheri, aikin da kake yi ba kowa ke iya shi ba. Amma abin da kake yi da daddare saƙa da warwara ne, ba shi aka koya maka a aji ba, kuma masana sun daɗe da raba su. Wata mai bincike Susan Nolen-Hoeksema tun farkon shekarun 1990 ta nuna cewa mutum ya yi ta juya damuwa a kansa ba tare da ya kai ga wani mataki ba yana tsawaita baƙin ciki ne, yana iya kai shi ga difireshon, wato ciwon damuwa mai tsanani. Yadda za ka bambance su da sauƙi ne. Bita tana da lokacin farawa da na gamawa, ana yin ta a zaune da biro ido biyu, tambayarta me ya faru kuma me zan canza, kuma tana ƙarewa da abu ɗaya da za ka yi. Ɗayar kuwa ƙarfe 2 na dare take zuwa ba gayyata, tambayarta ɗaya ce, me ya sa ni ban iya ba, kuma ba ta da amsa shi ya sa ba ta ƙarewa.

Sannan akwai abin da bitar gaskiya za ta tilasta maka ka rubuta wanda tunanin dare ba zai bar ka ka gani ba, wato abubuwan da ba a hannunka suke ba. Yaron nan awa nawa yake yi da kai a sati, awa nawa yake yi a majalisarsu? Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye suna komawa, wato komawa tana cikin ciwon, kuma a can ne fa inda suke da kayan aiki. Mu nan binciken ƙasa na 2018 da aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, a shekarar ne ma gwamnati ta hana sirof mai kodin. Kai ɗaya ba za ka ɗauke wannan a kanka ba. Tambayar da ta dace ka yi ita ce, mun taɓa zama da shi mun tsara abin da zai yi ranar da sha'awar ta taso, wa zai kira, ina zai je? Na faɗa masa tun farko cewa ko ya zame ƙofa a buɗe take? In amsar a'a ce to ka samu abin gyarawa a kan yaro na gaba, shi ma wannan ɗin ka neme shi dan wata 5 ɗin nan ba su tafi a banza ba, kuma mai yiwuwa kunyarka ce ta hana shi dawowa.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne jin kamar ka kulle ƙofa. Mutumin da ya fara rubutu sosai a kan irin wannan ƙonewar zuciya a 1974, Herbert Freudenberger, a wani asibitin kyauta a Niyok ya gan ta, a jikin 'yan sa kai masu aiki da masu shan ƙwaya, wato irinka sak. Daga baya Christina Maslach ta fayyace alamunta 3, gajiya wadda barci ba ya maganinta, sai mutum ya fara jin haushin waɗanda yake taimako ko ya daina jin komai a kansu, sai kuma ya riƙa ganin aikinsa ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin kundinta a matsayin matsalar da aiki ke jawowa. Ka duba ka gani guda nawa kake da su.

Maganin da na sani shi ne kar ka yi bitar kai kaɗai. A Birtaniya babbar ƙungiyar masu wannan sana'a ta wajabta wa mambobinta da ta tantance su zauna da sufabaiza, wato wani ƙwararre mai duba aikinsu, aƙalla awa ɗaya da rabi duk wata, komai daɗewarsu a aiki. Mu nan da an gama firaktikal an sa hannu a logbuk shikenan an rabu da sufabaiza har abada, kuma manyanmu ma sun fi ƙin a duba su, wanzami dai ba ya son jarfa. Kai da ke Samaru ba ka da uzuri, ga ABU a bakin ƙofarka da sashen saikoloji na ilimi da ba da shawara, ga likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ka nemi babba ɗaya da kake ganin mutuncinsa ka roƙe shi awa ɗaya a wata, da yawansu za su yarda in ka zo da ladabi kuma ka zo da tambaya a rubuce. In bai samu ba ku haɗa kanku ku 5 ko 6. Wani likita Michael Balint ya fara irin wannan a Landan a shekarun 1950, likitoci su taru ɗaya ya kawo labarin majinyacin da ya tsaya masa a rai, ya koma gefe ya yi shiru sauran su tattauna abin da ke tsakaninsa da majinyacin, ba wai su ba shi maki ba. Har yau ana yi a ƙasashe da yawa kuma ba ya cin ko sisi.

Rashin barcin nan kuma in ya wuce sati 2 yana nan, ko abinci ya fita ranka, ka je ka ga likita kai ma, kuma ka rage yawan yaran da kake gani na ɗan lokaci.

TAMBAYA: Anti ni ina ba da shawara ne a wani asibiti, ɓangaren masu zuwa gwajin jini, gidanmu a cikin birni. Ina so in fara rubutun nan amma tsoro nake kar littafin ya faɗa hannun maigida ko yara. Kuma muna da wani guruf na WhatsApp mu ma'aikata da muke kawo kes ana tattaunawa, wasu har hoton kati suke turowa, shin wannan ma bita ce?

AMSA: 'Yar'uwa tsoronki yana kan hanya, guruf ɗin nan kuma ku gyara shi yau ba gobe ba. Hoton kati a WhatsApp tona asiri ne ko da niyya mai kyau aka yi, waya tana ɓata, yara suna wasa da ita, wani yana fowadin bisa kuskure zuwa guruf ɗin dangi, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta wa. Ko ba doka ma amana ce. Kuma ki tuna ina muke, a Zariya cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, in kika ce wata bazawara daga Ƙofar Gayan mai 'ya'ya 3 da tsohon mijinta ke sayar da yadi, kin gama faɗin sunanta, a cikin mutum 20 na guruf sai an samu wanda suka haɗa kaka.

Littafin bita daban yake da fayil ɗin asibiti. Fayil labarin mai zuwa ne kuma a ofis yake kwana a kulle. Littafin bita labarinki ne ke, saboda haka kusan ba ya buƙatar komai na mutumin. Za ki iya rubuta, yau da zan faɗi sakamako na yi ta kewaye-kewaye har mutumin ya tsorata fiye da kima, na lura in namiji ne babba sa'an babana bakina yana nauyi, gobe zan gwada jimlar farko a raina kafin ya shigo. Kinga ba suna, ba unguwa, ba ranar da za a haɗa da rajista, ko maigida ya karanta abin da zai sani kawai shi ne matarsa na jin nauyin dattawa. Duk da haka ki bar shi a durowar ofis mai makulli, in ya cika kin ɗebi abin da za ki ɗiba ki ƙona shi.

Tattaunawar kes kuma a yi ta baki da baki a ɗaki a rufe, mutum kaɗan, da alkawarin abin da aka faɗa ya tsaya nan. Ni a ganina yawancin abin da ake yi a irin guruf ɗin nan ma hira ce da jajantawa, kai wannan mata ta ga rayuwa, Allah ya kyauta, ba mai tambayar ita ma'aikaciyar me ta yi kuma me za ta canza.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ni ban yi boko mai zurfi ba, limanci nake a wani masallacin unguwa wajen Ƙofar Doka, kuma kusan kullum ana kawo min rigimar ma'aurata in sasanta. Ɗana ne yake karanta min shafinki. Wannan bitar ta 'yan digiri ce kawai ko mu ma ta shafe mu?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ai ku kuka riga mu. Maganar Sayyidina Umar ce ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku, kuma malami irin Harisu al-Muhasibi da ya rasu a Bagadaza a shekarar 857 a kan wannan ya yi suna. Kuma maganar gaskiya mutanen da ke zuwa zaurenku a wata ɗaya sun fi waɗanda ke zuwa ofishinmu a shekara, saboda haka in aka bar ku a baya ba a yi komai ba.

Abin da zan roƙa, da girmamawa, shi ne hisabin ya sauko kan yadda zaman ya gudana, bayan na niyya da kuka saba. Bayan sun tashi Malam ya tambayi kansa, wa ya fi yin magana, mijin ko matar? Ita ta faɗi nata da bakinta ko waliyyinta ne ya faɗa mata tana bayan labule? Kalmar haƙuri wa na fi faɗa wa? Mijin nan da yake sahun farko kullum, ko sanin da na yi masa ya sa na gaskata shi da wuri? Sannan abin da ya fi komai, a bi sawu. In an sasanta an yi addu'a an watse ba a san ƙarshen labari ba, shiru kuma ba ya nufin lafiya, wata ta daina kawo ƙara ne dan ta ga ba riba. Bayan wata 2 ko 3 Malam ya sa uwargida ko wata dattijuwa mai riƙe sirri ta leƙa ta ji daga bakin matar ita kaɗai, shi kuma ya ji daga mijin. In Malam ya yi wa gida 10 haka zai ga da kansa wace irin nasiha ce take riƙe aure wace ce take danne magana kawai. Rubutun ma ko da ajami ne ya wadatar, ba suna.

Akwai kuma waɗanda ba rigimar aure ba ce tun asali. Matar da ta haihu kwanan nan ta daina barci tana ta kuka ko tana maganganu ba kan gado ko ta ƙi jaririn, da magidancin da ya daina fita ya daina cin abinci yana cewa gara ya mutu, da inda ake duka har da rauni. Waɗannan a yi addu'a kuma a haɗa da asibiti a ranar, kar a jira zama na biyu, Shika ba nisa daga Ƙofar Doka. Wanda ya ambaci kashe kansa kuma kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk wani abu mai cutarwa daga ɗakin, a samu ɗan'uwa ya raka shi har gaban likita.